UWAR DA KE KAN TAKARDA

Shafi na 19

Bismillahi. Masu cika min waya tun jiya da "ina shafinmu", ku sassauta, ni ma hannu biyu gare ni kamar kowa. Ga shi nan. Amma ku gyara zama, yau babu dariya a ciki.

*

Tun daga Angwan Iya har Tudun Ƙofa, Mu'mina ba ta ce wa mai keke uffan ba. Ko da ya so ya yi kwana inda ba nan ba, da hannu ta nuna masa. Jakar takardunta na kan cinya, ta rungume ta kamar za a ƙwace.

Shekara goma sha ɗaya tana aikin jinya a garin Keffi. Ta ga jini, ta ga gawa, ta sha faɗa wa mutane maganar da ba sa son ji. Amma ba ta taɓa jin tsoro irin na yau ba. Kuma fa ba gidan baƙo za ta ba, gidan yayarta Huraira ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Aikin da ta shekara biyu tana nema a Ingila ya samu. Madam Vera, matar da ke haɗa musu takardun tafiya a Abuja, ta kira ta da safe ta ce kafin ƙarfe biyar na yau take son amsa: da 'yarta za ta tafi ko ita kaɗai. Rana kuwa ba ta ƙarya.

Ta yi sallama.

Huraira na zaune a tabarma ƙarƙashin rumfar kwano, da faranti a gabanta tana ɓare agushi.

"A'a, Auta ce da ranar nan? Yau ba aiki?"

"Na karɓi hutu, Yaya. Ina wuni?"

"Lafiya ƙalau. Zauna mana, kin tsaya min a ka kamar baƙuwa."

Ta zauna a bakin tabarmar.

"Ina maigidan, Yaya Husaini?"

"Ya tafi Jigwada gaisuwar mutuwa."

"Yarinyar fa?"

"Khairat? Tana lesin, sai wajen biyar."

Yarinyar. Haka take kiranta, shekara goma sha bakwai kenan. Khairat 'yar farinta ce, ita ta yi naƙudarta, amma sunan bai taɓa fita daga bakinta ba. A gidansu 'yar fari ba a kama sunanta, ba a yi mata wasa a gaban mutane, ba a nuna an san da ita. Ana yaye ta, mahaifiyarsu Inna ta goya ta ta kai wa Huraira, wadda ta shekara tara a ɗakin miji ko ɓari ba ta taɓa yi ba. Kowa ya ce ai Auta yarinya ce, wasu na tafe. Allah bai kawo wasun ba. Shekara uku da suka wuce kuma mijinta Jibrin ya rasu a hatsarin mota a hanyar Abuja, ya bar ta ita kaɗai a gida mai ɗaki uku. Khairat ta taso tana kiran Huraira Umma, ita kuma tana kiranta Anti.

"Yaya, aikin nan ya fito."

Huraira ta saki agushin da ke hannunta ta tafa.

"Alhamdulillahi! Kai, Allah mun gode maka! Auta a ƙasar Turawa! Wayyo, ina ma Inna na raye. Yaushe ne tafiyar?"

"Nan da wata biyu."

"To me ye na ɓata rai kuma? Kin shigo min kamar wadda aka aiko da saƙon rasuwa."

Mu'mina ta sunkuyar da kai tana murza igiyar jakar.

"Da ita nake son tafiya."

"Da wa?"

"Da yarinyar."

Kaji na kuka a bayan ɗaki. Huraira ta jawo farantin ta ci gaba da ɓare agushinta a hankali, kamar ba ta ji ba. Wanda ya san Huraira ya san wannan shirun ya fi faɗa muni.

"Yaya, ki saurare ni don Allah. Wata biyar ya rage ta cika sha takwas. Tana cikawa dokarsu ta rufe ƙofa, ba za ta ƙara shiga a matsayin 'yata ba. In ba yanzu ba, shi kenan. Can za ta yi karatu mai kyau, ba yajin aiki, ba..."

"Ai sai ki ɗauke ta. Wa ya riƙe ki?"

"Takarda ce ta riƙe ni."

"Wace takardar?"

"Ta haihuwa. Sunanki ne a wurin uwa, na Yaya Husaini a wurin uba. Duk takardunta na makaranta haka suke, har katin ɗan ƙasa. Madam Vera ta Abuja, wadda ke jiran amsata kafin biyar na yau, ta ce a idon mutanen can ni ba kowanta ba ce. Sai an je kotu kin yi rantsuwa cewa ba ke kika haife ta ba, a yi mana gwajin jini ni da ita, sannan a gyara."

Huraira ta ture farantin gefe.

"Maimaita in ji."

"Yaya..."

"In je gaban alƙali, ni Huraira, in dafa Alƙur'ani in ce Khairat ba 'yata ba ce?"

"Ba haka aka ce ba. Cewa za ki yi ba ke kika haifa ba."

"A kunnenki ne suka bambanta. To tsaya in tambaye ki, Mu'mina."

Yaya ba ta kiran sunanta na yanka sai abu ya kai maƙura.

"Wa ya sa sunana a takardar nan? Sata na yi? Da dare na lallaɓa na rubuta?"

"Ban ce kin sata ba."

"A'a, gara mu tuna, tunda yau ranar tone-tone ce. Yarinya ta shekara huɗu za a sa ta makaranta, aka ce sai da takardar haihuwa. Mu uku muka je ofishin, ni da ke da Inna. Mutumin ya ɗaga biro ya ce wace ce uwar yarinya a cikinku. Me kika yi?"

Mu'mina ta kau da kai.

"Me kika yi, na ce?"

"Na rufe fuska."

"Kika ja mayafi kika rufe fuska, kika nuna ni da yatsa! Ni har na buɗe baki zan gyara, Inna ta take min ƙafa. Mutumin ya ce min sunan maigidanki, na ce Husaini, ya rubuta. Muka fito Inna na ta sa miki albarka a hanya, wai Auta ta san kunya, ba irin 'yan zamani ba. Ke kuma kina murmushi a cikin mayafi. Na yi ƙarya?"

"Ba ki yi ba."

"To yau kuma ni za a kai gaban alƙali kamar ɓarauniyar yara?"

Nan fa abin da Mu'mina ta shekara goma sha bakwai tana dannewa ya ɓalle. Ita da ba ta taɓa ɗaga wa yayarta murya ba, sai ga ta a tsaye.

"Kunya ce, Yaya! Kunyar da kuka koya min! Shekarata ashirin da huɗu a lokacin, uwata na tsaye a kaina, ta yaya zan buɗe baki in ce ni na haife ta? Na ɗauka takarda ce kawai ta shiga firamare. Wa ya san za ta bi mu har yau?"

"Zauna, kar ki tara min maƙwabta."

"Ba zan zauna ba! Kin san abin da kunyar nan ta ci min? Ranar da aka yaye ta nonona ya kumbura kwana shida, ina kuka a banɗaki don kar a ce na damu. Lokacin da ta yi taifot tana 'yar shekara tara, a ɗakin da nake aiki aka kwantar da ita. Ni nake sa mata ruwa, ni nake yi mata allura, hannunta a cikin nawa kamar tsinke, tana ce min Anti da zafi. In gama in ce sannu, in wuce gado na gaba kamar 'yar wani ce. Sai na shiga ɗakin ajiyar magani nake zubar da hawayena."

"Ni kuma ina ina lokacin?" in ji Huraira. "Kwana goma sha ɗaya a kan siminti a gindin gadon nan. Wa ya wanke kashinta? Wa ta yi wa amai a zani? Da ta fara zama budurwa, ɗakin wa ta shigo tana kuka? Ke kin haifa, ban musa ba. Amma ni na raina."

"Na sani, Yaya. Wallahi na sani."

"Ba ki sani ba. Ke kina da karatu, kina da aiki, yanzu ga Ingila. Ni me nake da shi? Shekara ashirin da biyar a gidan nan, in ka cire Khairat, sai ni da kaji. Dangin Husaini da suka daina min gori, don ita suka daina. Ranar da na dafa Alƙur'anin nan, kafin la'asar duk Tudun Ƙofa sun ji, juya ta mayar da kayan aro."

Ta ja bakin zaninta ta share fuska. Mu'mina ta durƙusa a gabanta, duk ƙarfin ya zube.

"Ni ma ba ni da kowa, Yaya. Gidan can ya zame min kabari. Takalman Jibrin na nan bakin ƙofa, na kasa ɗaukewa. Duk ranar da aka kawo masu hatsari daga babban titi, sai in ga fuskarsa a kan gadon. In na zauna a garin nan zan haukace. So nake in je inda ba wanda ya san ni, in fara daga farko. Kuma ba na son in fara ni kaɗai."

Suka yi ta kuka su biyu, babu mai ba wani haƙuri. Wallahi ni kaina ban san wadda zan ba gaskiya ba, kowacce ciwonta na gaske ne.

Can Huraira ta miƙe da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta shiga ɗaki. Mu'mina ta ji ƙarar buɗe akwatin ƙarfe. Ta fito da wata leda da aka naɗe sau uku, takardar haihuwar na ciki, ta ajiye a kan tabarma tsakaninsu.

"Ga ta nan."

"Yaya..."

"Inna ta sha faɗa min, kayan aro ba ya rufe katara. Ni ce na ƙi ji. Ranar Litinin ki zo mu je kotun, zan rantse. Ba zan tare wa yarinya hanyar arziki don son kaina ba, Allah ba zai bar ni ba."

Mu'mina ta kai hannu za ta riƙe ƙafarta, Huraira ta janye.

"Kar ki gode min, ban yi don ke ba. Kuma sharaɗi ɗaya. Ke za ki faɗa mata da bakinki. Ni ba zan iya kallon idonta in ce mata ba ni ba ce."

"Ba sai ta faɗa min ba, Umma."

Su biyun suka juya a tare.

Khairat ce tsaye a bakin zaure, da hijabinta ruwan toka, littattafai rungume a ƙirji. Doguwa, siririya, goshin Jibrin sak. Allah kaɗai ya san tun yaushe take wurin.

"Innalillahi," in ji Huraira. "Ke ba kina lesin ba?"

"Malamin bai zo ba."

Ta tako a hankali ta ajiye littattafan a kan turmi. Idonta a bushe, ko ɗigon hawaye babu, kuma wannan ne ya fi tsorata Mu'mina.

"Me kika ji?" Huraira ta tambaya.

"Ban ji sabon abu ba. Na sani tun ina 'yar sha biyu."

"Wane munafukin ne ya faɗa miki?"

"Inna ce."

Huraira ta zauna daɓas a kan tabarma.

"Kwana uku kafin ta rasu, kun fita ke da Anti karɓo magani, ni ina yi mata fifita. Ta riƙe hannuna ta ce, waccan mai farin kayan asibitin ita ta haife ki. Ki riƙa sa ta a addu'a. Amma kar ki kuskura ki nuna kin sani, za ki ba ta kunya. Ki bari sai ranar da ta faɗa miki da kanta."

Mu'mina ta toshe baki da hannu biyu.

"Shi ne nake jira," in ji Khairat, yanzu ta juyo tana kallonta ido cikin ido. "Duk ranar da kika zo gidan nan sai in ce yau ne. In kika kawo min kayan Sallah sai in ce yau ne. Sai ki miƙa wa Umma ledar ki ce a ba yarinyar. Ina tsaye a gabanki fa, Anti."

"Ki yafe min..."

"Ranar da Baba Jibrin ya rasu, kin tuna aikin da aka ba ni? Ni nake raba wa masu gaisuwa ruwa. Kwana bakwai ina yawo da tire. Ubana aka ɗauka aka kai makwanci, na sani, ke ma kin sani, Umma ta sani. Mutum ɗaya bai ce min ya haƙuri ba. Na zo na durƙusa kusa da ke ranar uku, na ce ko yau za ki riƙe ni. Kika ce in tashi in duba ko shinkafa ta nuna."

Mu'mina ta tuna. Ta tuna sarai. Ranar hannunta har ya ɗaga zai kai kan yarinyar, sai ta ga idon surukanta, ta mayar da shi.

"Shekara biyar ina jira ki faɗa min," Khairat ta ce, sai yanzu muryarta ta karye. "Ashe sai Turawa sun tambaya."

"Khairat, uwarki ce fa," in ji Huraira. "Ki iya bakinki."

"Ban zage ta ba, Umma. Tambaya ɗaya zan yi mata."

Ta durƙusa a gaban Mu'mina har gwiwoyinsu na taɓa juna. Rabon da su yi kusa haka tun a gadon asibiti.

"Anti, ni kike so, ko tsoron zama ke kaɗai a can kike ji?"

"Ke nake so. Allah ne shaidata, tun ranar da aka ɗauke ki daga bayana ban ƙara barci mai daɗi ba."

"To in na ce ba zan iya barin Umma ba fa? Za ki tafi?"

Ga amsa a bakin Mu'mina, amma sai ta tsaya. Shekara biyu na karatun jarrabawa bayan an tashi aiki suka gilma mata, da filin Jibrin da ta sayar, da takardar barin aiki da ta riga ta rubuta tana cikin jakar nan, da gidan can mai takalma a bakin ƙofa. Tsayawar ba ta fi ta numfashi ɗaya ba. Amma yarinyar ta gani.

"Zan fasa," ta ce da sauri. "Wallahi zan fasa."

Ko ita kanta ba ta san ko gaskiya ta faɗa ba.

Khairat ta daɗe tana kallonta. Sannan ta miƙa hannu ta zaro wayar da ke leƙowa daga bakin jakar, ta duba fuskarta.

"Biyar saura kwata. Matar Abujan tana jiranki, ko? Na ji kin ambaci sunanta."

"Ke Khairat!" Huraira ta yunƙura. "Kar ki yanke mata arzikinta saboda ni. Na ce na yarda, na yafe, ku tafi!"

"Umma, ni ban ce ta fasa ba. Ban kuma ce zan je ba, ban ce ba zan je ba. Duk rayuwata a bayan idona ake yanke maganata, a ofis, a ɗaki, a cikin mayafi. Yau ɗaya dai ina son a yi a gabana."

Ta kamo hannun Mu'mina ta ɗora mata wayar a tafi.

"Kira ta. Ki buɗe murya mu ji. Ki faɗa mata ko ni wace ce a wurinki, sannan ki faɗa mata abin da kika yanke."

"Ki ba ni zuwa gobe, don Allah..."

"Na ba ki shekara biyar, Anti."

Mu'mina ta nemo sunan Madam Vera a wayar, ta kuskure sau biyu. A na uku ya shiga. Ta ajiye wayar a kan tabarma, kusa da farantin agushi.

Ta yi ƙara sau ɗaya.

Huraira ta runtse ido, leɓɓanta na motsi.

Sau biyu.

Khairat ko ƙiftawa ba ta yi, idonta na kan bakin Mu'mina.

Sai aka ɗauka.

"Yauwa, Sista Mu'mina! Kin ganni har na ɗauki jaka zan rufe ofis. Ina jinki, me kuka yanke?"